Jarrabawar HSK: Sai Na Haddace Tarihin Sinawa Kafin In Ci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina shirin zana jarrabawar Sinanci ta HSK mataki na 4, don neman gurbin karatu a ƙasar Sin. An ce mini sai na san al'adun Sinawa da yadda suke zaman yau da kullum. To in duƙufa kan tarihin sarakunansu ne, ko ta ina zan ɓullo wa abin?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: Malama, ki ajiye sarakunan nan tukuna. A tsarin da aka daɗe ana bi, HSK 4 kashi uku ce: sauraro, karatu da rubutu. Kalmomi 1,200 ake so ki sani, maki 300 ne, da 180 an ci. Babu takardar al'ada ta daban. Al'adar tana cikin 'yar hirar da za a sa miki a kunne, sau ɗaya tak, sannan a ce wane ne wannan a wurin wancan, ko nawa aka biya.

Ki fara da dangi, don nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Bature kalma ɗaya yake kiran wa da ƙane da ita, Basine kuwa irinmu ne: wa gege, ƙane didi, ya jiejie, ƙanwa meimei. Kawu shi ne jiujiu, gwaggo gugu, inna ayi. Har ma sun ɗara mu. Baffa sun raba shi biyu, wan uba bobo, ƙanen uba shushu. Kaka kuma, da muke gamawa da kalma ɗaya, su huɗu suka yi: yeye da nainai iyayen uba, waigong da waipo iyayen uwa. Ki zana bishiyar gidanku, ki rubuta wa kowa sunansa da Sinanci. Ya fi miki jerin kalmomin littafi zama a ka. Amma ki kula, yaro Basine yakan kira kowace mata sa'ar uwarsa ayi, ko da a mota suka haɗu, kamar yadda namu ke cewa Baba ko Mama. Jin ayi kaɗai ba ya nuna dangantaka.

Sunan dangi shi ke zuwa farko, kuma shi ake haɗawa da muƙami. Malami ɗan gidan Wang, Wang laoshi ake ce masa.

Sai kasuwa, inda na fi ganin ɗalibai suna zubar da maki a banza. In aka ce “da ba zhe”, wato an yi ragin farashi, kunnenki zai kama “ba”, wato takwas, ki zaci ragin ne. A'a, kashi 80 cikin ɗari za ki biya. Rigar yuan 200 ta koma 160 ke nan. Ma'aunin nauyinsu kuma, wanda suke kira “jin”, rabin kilo ne, giram 500.

Bukukuwa ba sai kin zurfafa ba. Ki san Chunjie, bikin sabuwar shekara, da komawa gida, da jiaozi, wato ƙullin fulawa mai nama ko ganye a ciki, da jar ambulan ta kuɗi da ake ba yara, kwatankwacin goron sallah. Ki san Zhongqiu, ranar 15 ga wata na 8 a kalandarsu ta gargajiya, lokacin cin yuebing, wani kek mai siffar wata. Wannan ya isa matakinki.

Abin da ɗalibai ke mantawa shi ne su kansu. In makarantar ta nemi HSKK, wato jarrabawar baka, ana iya sa ki yi magana a kanki: gidanku, garinku, abin da kike yi in an yi hutu. Ki shirya jimla biyar-biyar kan laojia, garin asali, da yadda kuke shan ruwa da azumi, da abin da ake dafawa ran sallah. Ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, don ki kama inda karin sauti ya kauce. Kalmar qingzhen kuma, wato halal, ki koyi gane rubutunta tun yanzu. Ita za ki riƙa dubawa a ƙofar gidan abinci ranar da kika sauka.