Shafin Baba Safiyo: jita-jitar faɗaɗa Disney da filayen da ke maƙwabtaka

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan watan, dukkansu a kan Amurka. Na fi sabawa da tambayar iyakar gona da rikicin fuloti, amma shekara talatin da 'yan kai da na yi ina awon ƙasa sun sa ko'ina aka ce fili sai kunnena ya motsa. Kuma bara waccan, da na je ganin 'yata a Kalifoniya, jikokina sun ja ni Disneyland, wurin wasanni da shaƙatawa na kamfanin Disney, na ga wurin da idona.

TAMBAYA: Baba Safiyo, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin tsara birane ne a Zariya. Ina yawan kallon bidiyon masoya Disneyland a YouTube, suna zana taswira suna cewa za a gina dandalin wasa na uku a wani filin ajiye motoci da ke kusa. Wasu har sun gama raba wa kowace kusurwa abin da za a gina. Da gaske ne, ko hirar teburin mai shayi ce?

AMSA: Ɗana, ruwa ba ya tsami banza, maganar tana da tushe. Dandali biyu ne a wurin, Disneyland da California Adventure, shi ya sa ake cewa na uku. Filin da suke nufi na san shi, domin a can muka ajiye mota. Sunansa filin Toy Story, yana bakin titin Harbor a birnin Anaheim, kudu da titin Katella. Kwalta ce shimfiɗe, kimanin eka 50, ga motoci layi-layi, ga bas-bas suna kwasar mutane zuwa ƙofa. Da muka sauka na tsaya ina kallonsa har jikata ta ja mini riga. Abin da ya tsayar da ni shi ne, a gari irin wannan da ko'ina gini ya cushe, fili mai faɗi haka, a hannun mai shi ɗaya, ba ƙaramar dukiya ba ce. Duk mai ido zai ce ba don motoci kaɗai aka riƙe shi ba.

Tarihinsa ya fi taswirar masoyan daɗin ji. A 1955, lokacin da Walt Disney ya buɗe Disneyland, eka 160 kawai ya iya saya, gonakin lemu ne aka sare. Kafin a ce kwabo, 'yan kasuwa sun sayi kusan duk abin da ke kewaye, suka cika shi da ƙananan otal-otal da gidajen abinci. Cikin ragowar gonakin da suka tsira akwai ta wasu 'yan'uwa Amurkawa 'yan asalin Japan, iyalin Fujishige, masu noman sitiroberi. Shekara da shekaru ana bin Hiroshi Fujishige da kuɗi masu nauyi yana cewa a'a, yana nomansa yana sayarwa a rumfa bakin titi, otal-otal sun sa shi a tsakiya. Sai a 1998, shekarar da ya rasu, iyalin suka sayar wa Disney mafi yawan gonar, ita ce ta zama filin Toy Story. Ina girmama wannan mutum. Na sha ganin manoma irinsa a gefen biranenmu, gari ya zo ya same su, kowa yana ganin taurin kai ne, alhali ƙasar ce kawai abin da suka sani kuma suke so.

Tun daga ranar da aka sayi gonar ake rade-radin dandali na uku. Ka lissafa shekarun da kanka. Har yau motoci ne a kai.

Abin da ya sake hura wutar maganar shi ne shirin da kamfanin ya fito da shi a 2021, mai suna DisneylandForward. Majalisar birnin Anaheim ta amince da shi a watan Afrilu na 2024, ta ƙara tabbatarwa a watan Mayu. To a nan nake so ka buɗe kunne, domin darasin ajinku ne. Shirin bai ƙara wa Disney wata sabuwar gona ko unguwa ba. Abin da ya canza shi ne ƙa'idar amfani da ƙasar da kamfanin ya riga ya mallaka. A tsarin da aka yi tun shekarun 1990, an tsaga wurin gida-gida: nan otal kawai, nan ajiye motoci kawai, nan wasanni kawai. Yanzu an ba su dama su gauraya, su sa lilo da otal da kantuna a fili ɗaya, har da filin Toy Story da kuma yammacin wurin inda otal-otal ɗinsu suke. A madadin haka kamfanin ya ɗauki alkawarin kashe aƙalla dala biliyan 1.9 cikin shekara goma.

Ka ga an ba da izini, an faɗi kuɗi, amma takardar ba ta ɗaure su a kan dandali na uku ba. Zane-zanen da suka nuna wa jama'a ma sun ce misali ne na abin da zai iya yiwuwa. Masoya suka ɗauki misalin suka mayar da shi tsarin gini. A ofishin filaye na sha ganin mutum ya karɓi izinin gina bene mai hawa huɗu, shekara goma sha biyar ta wuce bai wuce harsashi ba.

Kuma wannan kamfani ya taɓa sanar da abu da bakinsa ya fasa. A 1991 sun yi shelar wani katafaren dandali mai suna WestCOT, a 1995 suka janye, daga baya suka gina California Adventure a kan tsohon filin ajiye motoci, aka buɗe a 2001. A 2018 har sun rufe wasu shaguna da gidan sinima don gina otal na alfarma mai ɗaki 700, sai suka samu saɓani da birnin a kan rangwamen haraji, aka watsar da aikin.

In kana son ka riga masu bidiyo sanin gaskiya, ka bi sawun motocin. Ba wanda zai fasa kwaltar filin Toy Story sai ya samo wa dubban motocin nan wani masauki. A 2025 kamfanin ya sanar da sabon benen ajiye motoci mai ɗaukar kimanin 6,000 a gabashin wurin, da gadar masu tafiya a ƙafa a kan titin Harbor. Wannan alama ce da nake ba muhimmanci. Ra'ayina, za a yi gini a filin nan wata rana, amma na fi zaton otal da kantuna da 'yan wasanni a gauraye, kafin a kai ga dandali mai ƙofarsa da tikitinsa. Ka ci gaba da kallon bidiyon, akwai hazaƙa a cikinsu, sai dai ka haɗa da karanta takardun majalisar birnin, suna nan a buɗe a intanet.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana aiki a jihar Fulorida. Ya kira ni ya ce an yi masa tayin fuloti a wajen birnin Orlando, wai za a gina dandalin Disney na biyar kusa da wurin, farashi zai ninka. Yana so in sayar da gidana na haya in tura masa mu haɗa. Hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

AMSA: Hajiya, rashin kwanciyar hankalin nan naki ki riƙe shi da kyau. Kada ki sayar da gidan.

Bari in faɗa miki inda wannan kwaɗayi ya samo asali, don ki fahimci yaron, ba wauta ce ta sa shi ba. Walt Disney ya ji haushin yadda aka matse shi a Anaheim, ya yi niyyar ba za a maimaita ba. A tsakiyar shekarun 1960 ya tura lauyoyi da dillalai Fulorida suka yi ta sayen ƙasa a asirce, da sunan wasu kamfanoni da aka kafa don ɓoye mai saye, irin su Ayefour da Reedy Creek Ranch. Suka tara sama da eka 27,000 a kan kimanin dala miliyan 5, wato eka ɗaya ba ta kai dala 200 ba. Yawanci fadama ce da makiyayar shanu. Garin ya cika da zato, wasu suka ce kamfanin jiragen sama ne, wasu suka ce na motoci. Wata 'yar jarida ta Orlando Sentinel, Emily Bavar, ita ta tambayi Walt ido da ido a watan Oktoba na 1965. Ya kauce wa tambayar, amma ta lura ya san yanayin ruwan sama da baƙin yankin fiye da wanda ba ruwansa da wurin. Jaridarta ta buga cewa Disney ne. A ranar 15 ga Nuwamba aka yi shela a hukumance tare da gwamnan jihar, farashin filaye ya yi tashin gwauron zabo, waɗanda ke da ƙasa a bakin hanya suka yi arziki.

Wannan labarin shi dillalai suke sayarwa har gobe. Abin da ba sa faɗa shi ne, an yi wannan babban saye ne don kada Disney ya sake buƙatar filin kowa. Dandali huɗu suke da su a can: Magic Kingdom na 1971, Epcot na 1982, Hollywood Studios na 1989, Animal Kingdom na 1998, kuma duk a cikin ƙasarsu suka gina. Gaskiya ne a watan Yuni na 2024 sun ƙulla yarjejeniya da hukumar da ke kula da yankin, wadda ta ba su damar gina babban dandali na biyar, da zuba jarin da zai iya kai dala biliyan 17 cikin shekara goma zuwa ashirin. Amma dama ce aka ba su, kuma ayyukan da suka sanar daga baya faɗaɗa tsofaffin dandalin ne. Ko an gina na biyar, a cikin shingensu zai tsaya, baƙi su kwana a otal ɗinsu su hau motocinsu. Fulotin da ke da nisan tafiyar rabin awa ba lallai ya shaƙi komai ba.

Sannan Fulorida ƙasar ruwa ce. Daga jirgi za ki ga tafkuna birjik. Akwai filin da a takarda yana da lamba da iyaka, amma damina na yi sai ya zama gidan kada, kuma doka ta hana cike irin wannan dausayi ba tare da izini mai wuya da tsada ba. Sayar wa baƙo fadama tsohuwar damfara ce a jihar, tun shekarun 1920 ake yin ta.

Ki ce wa ɗanki, kafin ya ba da ko sisi, ya karɓi lambar filin ya duba ta a ofishin kimanta kadarori na ƙaramar hukumar da filin yake, ko Orange ko Osceola ko Polk ko Lake. A can zai ga sunan mai shi na gaskiya, da nawa aka saye shi a baya, da harajin da ake biya duk shekara, domin a Amurka fili ko ba ka gina ba yana cin kuɗi. Ya tambayi abin da doka ta yarda a gina a wurin, ya duba taswirar ambaliya, ya tabbatar akwai hanyar shiga da ruwa da wuta. Ya taka ƙafarsa a kai bayan an yi ruwan sama, takalminsa zai ba shi labari. In bayan haka filin ya yi masa, ya saya da abin da ya tara, a kan darajarsa ta yau, kamar ba a taɓa yin Disney ba. Gidanki na haya kuwa shi ne cefanenki, ba a cinikin biri a sama da shi.

TAMBAYA: Baba, na ji an ce wasu mazauna Anaheim sun ƙi amincewa da faɗaɗawar. Ni dai ina ganin wanda aka kawo wa arziki har ƙofar gida bai kamata ya yi ƙorafi ba. Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

AMSA: 'Yata, da kin tsaya inda na tsaya da kin sassauta. Yamma da Disneyland akwai titin Walnut. Gefe ɗaya katangar Disney ce, ɗaya gefen gidajen mutane ne, da kekunan yara a tsakar gida. Da daddare in aka fara wasan wuta, ƙarar har cikin ƙirji take shiga, mu da muka biya kuɗi muna tafi, su kuwa suna da jarirai da tsofaffi da masu tashi aikin asuba. Cikin yarjejeniyar 2024 birnin ya yarda ya sayar wa kamfanin wasu tituna a kan dala miliyan 40, ciki har da Magic Way, wadda mutanen unguwar suke bi don fita babbar hanya. Yawancin hayaniyar a kanta aka yi. Masoya suna kallon titin a taswira suna murnar za a samu wurin ƙara wasanni, maƙwabta suna lissafin cunkoson da zai dawo ƙofarsu.

Arziki kam akwai shi, harajin kwanan otal babban ginshiƙi ne a kasafin birnin, kuma dubban mutane suna cin abinci a wurin. Sai dai kuɗin haya a yankin ya yi tsada ƙwarai, ma'aikata da yawa daga nesa suke zuwa. A 2018 mutanen Anaheim suka kaɗa ƙuri'a a kan dokar ƙara mafi ƙarancin albashi ga ma'aikatan wuraren shaƙatawa da ke cin moriyar rangwamen haraji, aka yi ta shari'a a kan ko ta hau kan Disney, har a ƙarshen 2024 kamfanin ya yarda ya biya ma'aikata dala miliyan 233. A sabuwar yarjejeniyar kuma ya yi alkawarin dala miliyan 30 don gidaje masu sauƙin kuɗi, da miliyan 8 don wuraren shan iska na birnin. Waɗannan sun shiga takarda ne saboda mutanen unguwa da ƙungiyoyin ma'aikata sun daɗe suna matsa lamba, kuma ranar ƙuri'ar Afrilu sun cika zauren majalisa suna magana ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba.