Na Sayi Tsohon Sinkin Silba Don Gareji, Tsatsa Ta Ƙi Fita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gyaran waya da laftof a garejin gidanmu a Kaduna. Na sayi tsohon sinkin silba a Panteka don wanke hannu da kayan aiki, amma duk ɗigo-ɗigon tsatsa ne a jikinsa, gindinsa ya lotsa, mafitar ruwan kuma tana yoyo. Na dirje shi da soson ƙarfe da ruwan bilic, bayan kwana biyu tsatsar ta dawo har ta fi ta da. Ko dai an cuce ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da na fara karanta saƙonka sai na ce yau kuma an mai da ni mai gyaran famfo, ni da sana'ata gyaran waya ce. Amma tunda shagon gyaran waya za a kai sinkin, ba mu fita daga gida ba.

Ban ga alamar an cuce ka ba, Malam. Soson ƙarfen nan da bilic ɗin su suka ƙara maka aiki. Abin da muke kira silba ƙarfe ne da aka gauraya da wani sinadari mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Shi kuromiyam ɗin, da zarar ya haɗu da iska, sai ya yi wata 'yar fata siririya a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa kama shi. Ko an karce ta, da kanta take komawa. Soson ƙarfe kuwa yana karyewa ya bar ɓurɓushinsa a cikin ƙananan karce-karcen da ya yi, kuma ɓurɓushin nan ne ke tsatsa, ba sinkin ba. Bilic ya fi shi ɓarna, domin sinadarin kulorin da ke cikinsa yana cinye wannan fatar ya haƙa 'yan ramuka kamar bakin allura. Haka ma ruwan asid ɗin da ake wanke tayil da shi. Ka raba su da sinkin nan gaba ɗaya.

Kafin ka ɓata guminka, gwada shi tukuna. Na san ba za ka rasa mataccen had-dis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, a shago ba. Kwance shi ka ciro maganaɗisun da ke ciki, yana da ƙarfi sosai, ka manna a gefen sinkin inda yake shimfiɗe. In ya kama gam, wataƙila samfurin silba mai lamba 430 ne, wanda ba a haɗa masa ƙarfen nikel ba, ya fi saurin yin tabo. In bai kama ba ko ya kama sama-sama, zai iya zama 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, wanda shi ne na kirki. Sai dai fa samfurin 201 mai araha shi ma ba ya kama maganaɗisu sosai, don haka kada ka rantse da wannan gwajin. Duba ƙarƙashinsa, wani lokaci ana buga lambar a jiki. Daga nan da dare ka kashe fitilar garejin, ka kunna tocilan wayarka a ƙarƙashin sinkin ka leƙa ta sama. Duk inda haske ya ɓullo, huda ce.

Wanki kuma daki-daki ake yin sa. Fara cire maiƙo da ruwan zafi da omo. In akwai giris ko baƙin mai da ya daskare, ɗan kananzir a tsumma zai narkar da shi, sai ka sake bi da omo. Sannan ka kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar man goge baki, ka shafa a kan tsatsar, ka bar shi kamar minti 20, ka goge da soson roba, irin koren nan. Ka ƙura wa ƙarfen ido za ka ga wasu siraran layuka duk sun nufi wuri guda. Bi su, kada ka yi ta kewayawa, in ba haka ba zai fito da zane kamar kaza ta yi tono. Farin dattin da ruwan burtsatse ke bari kuwa, ruwan lemun tsami ko khal ne maganinsa. Wasu za su ce maka toka ta isa, kamar yadda iyayenmu mata ke wanke tukunya. Tana aiki, amma ka tankaɗe ta, don tsakuwa ɗaya ta isa ta ja maka dogon karce. In tabo ya yi taurin kai, sa sabuwar samfefa mai lamba 400 da ruwa, ka ƙarasa da 600. Sabuwa na ce, ba wadda ta taɓa goge baƙin ƙarfe ba. Ka ɗauraye, ka tsane shi da tsumma, ka bar shi ya sha iska kwana ɗaya ko biyu ba ruwa.

Lotsawar ba wata matsala ba ce. Kifa shi a kan buhun yashi, ɗora guntun katako, ka riƙa bugawa a hankali da gudumar roba daga bakin lotsawar zuwa tsakiya. Abin da ake nema shi ne ruwa ya daina kwanciya, ba kyau ba.

Yoyon mafitar ruwa kusan kullum robar da ke ƙarƙashi ce ta bushe ta tsage. Kwance kan gaba ɗaya ka tafi da shi kasuwa a hannunka. Yawancin sinkin kicin raminsu milimita 90 ne, amma tsofaffi akwai masu ƙaramin rami. Shafa silikon siriri a ƙarƙashin bakin, ɗaure, ka ba shi awa 24 kafin ka zuba ruwa. Kada ka yarda a haɗa maka bututun a miƙe ba tare da lanƙwasar nan mai riƙe ruwa ba. Ita ke tare wari da kyankyasai, kuma ranar da ƙaramin noti ya suɓuce maka, a nan za ka same shi. Huda ƙarama, karce ta ta ƙasa ka liƙe da gam mai haɗi biyu irin Araldite. Tsagewa kuwa sai mai waldar agon, wato waldar da ake yi da iskar gas mai suna agon. Waldar ƙofa da taga za ta ƙona shi ta huda, ɗinkin kuma ya yi tsatsa.

Ga kuma ɓangaren da ya shafi sana'armu. Sinkin ƙarfe da ruwa da wuta ba sa zama wuri ɗaya, don haka ka nesanta shi da teburin aiki da soket, ka sa mai wayarin ya ɗaura maka birekar da ke yanke wuta in ta fara zuba, mai miliamfiya 30. Kada ruwan batir ya shiga cikinsa, haka nan ruwan sinadarin ferik kuloraid da ake zana allon da'irar lantarki da shi, in kana yin wannan aikin da kanka, domin wannan cin silba yake yi. Wayar da ta faɗa ruwa kuma ba a famfo ake wanke allonta ba. Cire batir, ka goge da sifirit ɗin aisofurofil mai kashi 99 da burushi mai laushi, a cikin roba daban, can kan teburinka.