Tambaya da Amsa: An tsallakar da yarona daga aji huɗu zuwa JSS 1, yanzu kullum da safe kuka yake

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Tudun Wada nan Kaduna. Yarona shekararsa 9, aji huɗu ya gama, sai makarantarsu, ta kuɗi ce, suka ce yana da ƙoƙari sosai a bar shi ya rubuta kwaman entarans ya wuce JSS 1, wai zama aji biyar da shida ɓata lokaci ne. Muka yarda, babansa har da murna. To yau sati biyu kenan da komawa makaranta, kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, yana kuka ba ya son tafiya, yaron da a da shi ke tashin ƙannensa su shirya. Wata maƙwabciya ta ce kambun baka ne, wata ta ce in saya masa maganin ƙarin basira. Wallahi hankalina a tashe yake, don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya ya raya miki shi. Ki fara kai shi asibiti a duba cikin nan, don kar mu ɗora komai a kan makaranta alhali tsutsar ciki ce ko wani abu daban. Amma ki lura min da abu ɗaya, ranar Asabar da Lahadi cikin yana ciwo? In ba ya yi, sai Litinin da safe in ya ga yunifom, to tsoro ne ke murɗa masa ciki, kuma ba ƙarya yake miki ba, ciwon yana jin sa da gaske. Maganin ƙarin basira kuwa don Allah ki riƙe kuɗinki, waɗannan masu tallar da lasifika a bakin kasuwa da tasha ko su ba su san abin da ke cikin kwalbar ba, kar ki ɗura wa yaro ɗan shekara 9 abin da zai taɓa masa ƙoda a banza. Addu'a ki ci gaba da yi masa, wannan kullum ne.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne maganar nan ta wai aji biyar da shida ɓata lokaci ne. Na fi shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma duk watan Satumba sai na sha wannan maganar har ta ishe ni. Wa ya ce ɓata lokaci ne? Waɗanda suka tsara shekara shida a firamare ba wasa suke ba. Tun tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, haka yake, da aka zo da shirin UBE na ilimin bai-ɗaya wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, shekara tara aka ce ilimin tushe, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, ba a rage ko ɗaya ba. A aji biyar da shida ne yaro yake zaunawa sosai da lissafin rabi da kwata, da kaso cikin ɗari, da doguwar rabawa, a nan ne yake koyon ya karanta shafi guda ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa, ya rubuta wasiƙa da kansa ba kwafa daga allo ba. Malamin lissafi na JSS 1 ɗauka yake duk an san waɗannan, ba zai koma baya don yaro ɗaya ba, manhaja na gabansa yana gudu ya kammala kafin jarrabawa. Gini ne aka tsallake layin bulo biyu aka ɗora rufi.

Kuma cin kwaman entarans ba ya nuna yaro ya isa. Wata uku ana yi musu bitar tsofaffin tambayoyi safe da yamma, ka zaɓi A ko B ko C, yaro mai kaifin hadda zai ci mana. Hadda daban, fahimta daban. Mu faɗi gaskiya, makarantun kuɗi da yawa ma ba su da aji shida kwata-kwata, so suke su tura yaran sashen sakandarensu da wuri kafin iyaye su yi tunanin canza makaranta, ga kuɗin sabon yunifom ga na littattafai ga na rajista. Mu iyaye kuma muna lissafin mun huta da kuɗin makaranta na shekara biyu, ga daɗin a ce a gidan biki ai ɗan wance shekara tara yana sakandare. Yaron shi kaɗai ne ba a tambaya ba.

Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, kamar naki, ba na manta shi. In ya zauna a benci ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Rubutunsa mai kyau amma a hankali yake yi irin na ɗan firamare, kafin ya kai rabin allo an goge, an buga ƙararrawa wani malamin ya shigo. Ranar da na karɓi littafinsa na buɗe, kowane shafi rabi rubutu rabi fari, ya bar gurbi wai zai cike daga baya, kuma kunya ta hana shi aron littafin kowa saboda manyan ajin suna kiransa jariri. Yaron da ya saba da malama ɗaya tun safe har tashi, ta san sunansa ta san ranar da bai karya ba, yau an jefa shi inda malamai ke canzawa duk bayan minti arba'in, darussa sun haura goma, ga siniyoyi masu aike da ƙwace kuɗin tara. A firamarensu shi ke zuwa na ɗaya, a zangon farko a wurinmu ya dawo can ƙasa, babansa ya zo ofis a fusace yana cewa yaron ya lalace da wasa. Wallahi bai lalace ba, kaya aka ɗora masa da ya fi wuyansa.

To kuma saurin ina za shi? Yi lissafi da kanki Hajiya. Ya shiga JSS 1 da shekara 9, zai gama SS 3 bai cika 16 ba. Kin tuna hayaniyar da aka yi a 2024 da aka ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, daga baya gwamnatin tarayya ta tsayar da shi a 16. JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, ta ce wanda bai kai 16 ba sai in ya ci maki 320 cikin 400 sannan a ma fara duba maganarsa. Kin ga shekarar da aka ce an ci riba a gida zai zaunar da ita, a daidai lokacin da zaman banza ya fi haɗari ga saurayi. Daga nan sai a fara zaryar kotu ana rantsuwar ƙarin shekaru, alhali tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, ranar haihuwa tana ciki, gyara ta kuma wahala ce da kashe kuɗi da bin layi. Ka rantse da Allah a kan ƙarya a gaban ɗanka, sannan gobe ka ce masa kar ya yi satar amsa, ta yaya zai ji?

Ban ce babu yara masu baiwa ta daban ba, akwai su, amma ba su kai yawan da ake tsallakarwa ba ko kusa.

Ga abin da za ki yi cikin satin nan. Ki zaunar da shi ku biyu bayan isha'i, ba a gaban ƙannensa ba, ba da tsawa ba, ki tambaye shi wa ke zama kusa da shi, wa ke dukansa, yana iya shiga bayin makarantar, me yake ci a lokacin tara. Ki buɗe littattafansa ki ga ko irin rabin shafin nan ne. Ki ari littafin Turanci na aji biyar ki sa ya karanta labari ɗaya ya faɗa miki da Hausa me ya faru a ciki, ki tambaye shi in aka cire kwata daga naira dubu biyu nawa ya rage. In ya kakare, ku mayar da shi aji biyar tun yanzu da zango bai yi nisa ba. Makarantar za su ce an riga an yi rajista, ba a mayar da kuɗi, ku bar musu, yunifom ɗin a ninke a ajiye zai tarar da shi. In kunyar abokai ce damuwar, a canza masa makaranta ya shiga aji biyar inda ba a san shi ba. Babansa kuma ki nuna masa wannan amsar, sannan shi da bakinsa ya gaya wa yaron cewa ba faɗuwa ya yi ba, mu manya ne muka yi gaggawa.