Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan waƙoƙin bayin Amurka

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar furojet. Kin ce malaminku ya ba ki aiki kan tsofaffin waƙoƙin da baƙaƙen bayi suka rera a Amurka, kuma kin gani a YouTube wai duk inda aka ce Urdun ko Kan'ana ko Musa ba addini ake nufi ba, saƙon sirri ne na gudu, shi ne kike so ki san gaskiyar maganar. To ni dai ba farfesa ba ce, amma tun ina budurwa nake kwaya, yanzu kuma ina zumuntar mata, mun rera irin waɗannan waƙoƙin kuma na bi tarihinsu daidai gwargwado.

Masu bidiyon ba ƙarya zalla suka yi ba, gishiri ne ya yi yawa. Frederick Douglass wanda ya gudu daga bauta a Maryland a 1838 ya rubuta da hannunsa a littafinsa na 1855 cewa lokacin da suke shirin gudu suna ta rera waƙar Kan'ana, ba sama kaɗai suke nufi ba, arewacin ƙasar inda babu bauta ita ce Kan'anarsu. Harriet Tubman ma da ta tsira a 1849 ta dinga komawa tana fito da mutane har ake kiranta Musa, ta ba da labarin yadda take amfani da waƙa ta sanar da waɗanda ke ɓoye ko hanya lafiya. Wannan shaida ce daga bakin masu abin, ki riƙe ta da kyau. Amma akwai wata waƙa da ake yawan cewa taswira ce ta bin tauraro zuwa arewa, ita sai 1928 aka fara buga ta, alhali an soke bauta tun 1865, shi ya sa masu bincike da yawa ke ɗari-ɗari da labarin.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda ake maganar kamar imanin mutanen nan rufa-ido ne kawai. Haba. Mutumin da aka sayar da ɗansa a gabansa, gobe kuma ya fita gonar auduga, idan ya ce Ubangiji ya ceci Daniyel daga ramin zakoki ya ceci Yunana daga cikin kifi me zai hana ya cece ni, da gaske yake, addu'a yake yi da hawaye. Kuma a wurinsa ceton rai da cire sarƙa daga ƙafa ba a raba su, Allahn da zai yi wannan shi zai yi wancan. Mu da ke zaune da biro da takarda mu ne muke son sai an zaɓi ɗaya.

Ki lura da labaran da suka ɗauka da waɗanda suka bari, nan ne ainihin aikinki yake. Masu wa'azin da iyayengiji ke kawowa sun fi son Afisawa sura 6 aya 5 inda aka ce bayi su yi biyayya. A 1807 har wani guntun Littafi Mai Tsarki aka buga a Landan don bayin tsibiran Karibiyan da ke hannun Ingila, aka yanke labarin fitar Isra'ilawa daga Masar. Jihohin kudu da dama kuma sun hana koya wa bawa karatu, aka ƙara tsanantawa bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831. Duk da haka je ki duba waƙoƙin, Musa ne da Fir'auna, Joshuwa da garun Yariko, karusar da ta ɗauke Iliya, sai Yesu mai shan wahala wanda aka yi wa bulala kamar yadda ake musu. Yawancinsu ba su iya karatu ba amma da kunne suka tace, suka ɗauki nasu. Wannan zaɓin da kansa tafsiri ne, tun kafin ke ki zo ki yi naki.

Ke da kika tashi cikin Hausa ai kin san habaici. Mace na daka tana waƙar kura ko damisa, kishiya ta san da ita ake, baƙo kuwa ya ɗauka waƙar dawa ce. Haka sunan Fir'auna yake a bakin bawa, ubangidansa na tsaye yana jin waƙar coci, 'yan amshi kuma sun san wanda ake nufi. Na ga irin wannan a zumuntarmu bayan wani rikici da aka yi a garinmu, wata gwauruwa ta ba da waƙar ƙetare Urdun ana buga tulu a hankali, babu wadda ta tsaya tambayar ko mutuwa take nufi ko fita daga wahalar da muke ciki, duka biyun ne, kowa kuka take.

Don haka kowace waƙa kika ɗauka fara buɗe Littafi ki karanta labarin gaba ɗaya, Fitowa ko Joshuwa sura 3 ko Sarakuna na biyu sura 2, kada ki tsaya kan aya ɗaya. Sannan ki binciki wa ya rubuta ta a takarda kuma yaushe. Tarin farko mai girma ya fito a 1867 da waƙoƙi 136, fararen fata 'yan arewa ne suka tattara, su da kansu sun yarda takarda ba ta iya ɗaukar yadda muryoyin ke juyawa. Daga 1871 kuma ɗaliban jami'ar Fisk da ke Nashville suka fara yawo da waƙoƙin don tara wa makarantarsu kuɗi har suka rera gaban Sarauniya Biktoriya a 1873, su sun gyara su ne zuwa murya huɗu irin ta kwaya, wato abin da muke rerawa yau ya riga ya sha guga. Idan kina da data ki nemi tsofaffin faifan da John Lomax da ɗansa Alan suka naɗa a kudancin Amurka a shekarun 1930, ki ji yadda mai bayarwa ke canja baiti nan take amshi na tsaye wuri ɗaya, sai ki rubuta a furojet ɗin wane bugu kika yi aiki da shi, malaminki zai tambaya.