Me Ya Sa Kwandon Mai Saye Yake Mance Kaya na Biyu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Na haɗa wa yayata shafin sayar da atamfa da Django, wata manhajar gina shafukan intanet. Idan mai saye ya jefa turmin farko a kwando yana zama, amma na biyu da ya sabunta shafi sai ya ɓace. Kwana uku ke nan ina fama.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, matsalar taka layi ɗaya ce. Amma bari mu fara daga tushe.

Sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka, ba ta da ƙwaƙwalwar tuna fuska. Duk danna da mutum ya yi, a wurinta baƙo ne ya yi sallama. Wannan ya sa a 1994 Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki, wani ɗan bayani da shafi ke ajiyewa a burawuza, wato manhajar buɗe shafuka ta mai ziyara. Ka san mai ajiyar babur a bakin kasuwa? Za ka ba shi babur, ya miƙo maka ɗan kati mai lamba. Babur yana wurinsa, kati yana aljihunka. Haka abin da muke kira seshan yake. Django yana ajiye bayanan mutum a rumbun bayanai, cikin teburin django_session, ya ba burawuza wata doguwar lamba a cikin kuki mai suna sessionid. Duk dawowar da mutum ya yi, katin yake nunawa.

To ga inda ka faɗa. Django ba ya sake rubuta seshan a rumbu sai ya lura an canza shi, kuma abin da yake lura da shi shi ne sakawa ko gogewa a saman request.session kai tsaye. Da ka rubuta request.session['kwando'] = [turmin farko], ya gani, ya adana. Da ka dawo ka yi append, wato ka ƙara turmi na biyu a kan jerin da ke ciki, ka zura hannu ne cikin buhu ba tare da ka ɗaga buhun ba, shi kuwa buhun yake kallo. Bayan append ɗin ka ƙara wannan:

request.session.modified = True

Shi ke nan. Akwai SESSION_SAVE_EVERY_REQUEST da zai sa a riƙa adanawa a kowace danna, amma ban so ka fara da shi ba, nauyi ne kake ɗora wa rumbu a banza.

Tunda kasuwanci ne, ga shawarar da ba ka nema ba. Kada ka sa farashi a seshan. Ka ajiye lambar kaya da adadi kawai, a ranar biya ka ɗauko farashi daga rumbu. Seshan ɗin Django, in ba ka taɓa saitin ba, yana kai daƙiƙa 1209600, wato mako 2. A mako biyu yayarka tana iya zuwa Kantin Kwari ta tarar an ƙara kuɗin turmi, ga kwandon wani yana nan riƙe da tsohon farashi. Sannan ka sa umarnin manage.py clearsessions, mai share tsofaffin seshan, ya riƙa gudana kullum da dare, domin Django ba ya share seshan da suka mutu da kansa. Na taɓa buɗe rumbun wani shafi na tarar wannan teburin ya fi na kayan sayarwar girma nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ina amfani da Flask, wata manhajar gina shafuka kamar Django. Na ajiye lambar wayar mai amfani da makinsa a seshan. Wani abokin aiki ya kwafi kukin, ya karanto mini su duka. An yi mini kutse ne?

Amsa: Ba a yi miki kutse ba, 'yar'uwa, haka Flask yake tun asali, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Shi ba ya riƙe babur ya ba da kati. Kayan gaba ɗaya yake ƙullewa ya damƙa wa burawuza, ya buga hatimi da SECRET_KEY ɗinki, wato mabuɗin sirrin shafinki. Hatimin yana hana a canza abin da ke ciki, amma ba ya hana a karanta. Wasiƙa ce mai sa hannu a ambulan da ba a manne ba.

Saboda haka duk abin da ba za ki so mai na'urar ko wanda ya ari wayarsa ya gani ba, kada ya shiga nan. Lambar shaidar mai amfani ta isa, sauran ki nemo daga rumbu. Kuki kuma ba ya wuce kusan bayit 4096, in ya zarce burawuza na iya watsar da shi shiru ba tare da kin ga kuskure ba. Abin da ya fi damuna shi ne, tunda babu komai a sabarki, in aka sace kukin wani ba ki da hanyar kashe nasa shi kaɗai. In shafin ya shafi kuɗi ko makin ɗalibai, ki koma ajiya a sabar da Flask-Session, wani ƙari na Flask, da rumbun bayanai na Redis. SECRET_KEY kuwa kada ya taɓa hawa GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ɗora aikinsu, wanda ya same shi zai iya buga hatiminki ya shiga a matsayin kowa.

Tambaya: Ni nake kula da shafin duba sakamako na wata makaranta. Yara suna dubawa a kafe na intanet, na baya ya zauna ya tarar da asusun na gaba a buɗe. Django ne.

Amsa: Malam, wannan a gyara shi yau, ba gobe ba. Mako biyu ya yi wa irin wannan shafi yawa. Ka rage SESSION_COOKIE_AGE, saitin tsawon ran seshan, zuwa daƙiƙa 900, minti 15 ke nan, ya ishi yaro ya duba ya buga takarda. Ka kunna SESSION_EXPIRE_AT_BROWSER_CLOSE don kukin ya mutu da an rufe burawuza, sai dai kada ka dogara da shi kaɗai, don burawuzar da aka saita ta dawo da shafukan jiya tana dawo da kukin ma. Maɓallin fita ya zama babba, a sama, kuma ya kira logout na Django, wanda yake goge seshan daga rumbu. Ka kunna SESSION_COOKIE_SECURE don kada katin ya bi hanyar da ba HTTPS ba, wato hanyar da ba a ɓoye bayanan da ke wucewa. A 2010 wata manhaja mai suna Firesheep ta nuna yadda ake tsintar irin waɗannan kukis a Wi-Fi na jama'a.

Wasu za su ce ka ɗaure seshan da adireshin IP, wato lambar da na'ura ke fita da ita a intanet. Kar ka yi. A kafe duka kwamfutocin suna fita da adireshi ɗaya, bai kare kowa ba, iyayen da ke dubawa da datar waya kuma adireshinsu yana canzawa, sai ka riƙa korarsu suna tsakiyar dubawa.