Amsa ga mai fama da mantuwa da rashin tattara hankali

Ɗan'uwa, ka ce kana karanta shafi ɗaya sau uku ba ka riƙe komai ba, kuma kullum sai ka yi cigiyar makulli. Galibi wannan ba mantuwa ba ce, hankalinka ne ba ya wurin lokacin da ka ajiye abin.

Fara da barci, awa 7 zuwa 8. Shayi mai kauri, kofi da goro ka bar su tun la'asar, domin rabin kafeyin, sinadarin da ke cikinsu mai hana barci, yana nan cikin jini bayan kamar awa 5.

Sai horon natsuwa. Bayan sallar asuba ka zauna, ka miƙe bayanka, ka saita agogo minti 5. Sa hankalinka a kan iskar da ke shiga hancinka, kana ƙirga kowane numfashi daga 1 zuwa 10, sannan ka sake farawa. Tunanin bashi ko cefane zai ɗauke ka, babu makawa. Da ka farga, koma 1 ba tare da jin haushin kanka ba. Wannan dawowar ita ce horon, amma a nan yawanci ake watsarwa, wai an kasa. Bayan mako biyu ka kai minti 10. Kada ka yi a kwance, barci zai sace ka.

Karatu kuwa minti 25, hutu minti 5, waya tana wani ɗakin, ba a kife kan tebur ba. Makulli ka kafa masa ƙusa ɗaya bayan ƙofa.

In wata biyu babu sauyi, ko akwai kasala da jiri, je asibiti a duba ƙarancin jini da ciwon damuwa.