Harafin da ke jikin taya da jarin mai shago

Wani mai shagon taya a Farin Gada, Jos, ya aiko da tambaya: "Dilan da nake sara a wurinsa ya kawo 195/65R15 iri biyu, 91T da 91H. Girmansu ɗaya, amma mai H ta fi tsada. Jarina ba yawa, me zai hana in cika shago da mai arhar?"

Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Harafin nan na ƙarshe yana nuna iyakar gudun da taya za ta jure da cikakken lodi kafin zafi ya ci ƙarfinta. S kilomita 180 ne a awa, T 190, H 210, V 240, W 270. Lamba 91 kuma nauyi ce, kilo 615 a kowace taya.

Za ka ce ai dokar babbar hanya ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce 100 ba. Haka ne, sai dai zafi ke kashe taya, kuma ba gudu kaɗai ke kawo shi ba. Direban da ya gangara Hawan Kibo da rana tsaka, mutum shida a ciki, but cike da buhun dankali, iskar taya ta yi ƙasa, yana dafa tayarsa ko da a 90 yake tafiya. Yawancin masu H da V ana ɗaura musu zaren nailan a saman wayar ƙarfen ciki, shi ke hana ɓawon rabuwa idan ta ɗau zafi. Gefensu ya fi tauri, don haka sitiyari ya fi amsawa a kwana, birki ya fi kamawa. Illarsu ita ce robar takan fi saurin cinyewa, kuma direba zai fi jin ramuka a jikinsa.

Game da jarinka, kada ka saro da ka. Ka riƙa buɗe ƙofar direba ta motocin da ke tsayawa a shagonka, ka karanta takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin. Abin da ya fi yawa, shi za ka tara. Motar da aka rubuta mata T, sayar mata da T ba laifi, musamman tasi mai yawon cikin gari. Wadda aka rubuta mata H kuwa, kada ka sa mata T don ragin kuɗi. Idan ta fashe a hanyar Akwanga, rayuka ne a ciki, kuma sunan shagonka za a kira. Masu W da Y (harafin da ke sama da W a gudu) kada su kwantar maka da kuɗi, sai an yi oda an ba da kafin alƙalami.

Masu bas irin Hiace, ba su taya mai harafin C, kamar 195R15C, domin lodi ne damuwarsu. In dole aka haɗa harafi biyu a mota ɗaya, a bi iyakar na ƙasan, kuma biyun gaba su zama iri ɗaya, na baya ma haka.

Kafin ka biya dila, duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen taya: 2423 na nufin an ƙera ta a mako na 24 a 2023. Jami'an kiyaye haɗurra suna duba wannan lamba, kuma tayar da ta daɗe a sito robarta ta fara bushewa. Ka ƙi karɓa, ko da ya rage maka farashi.